Bashin da Ke Tsiro a Ka

A layinmu akwai wani mai aski da ya raɗa wa kansa suna Darakta. Ba wanda ya naɗa shi, babu kuma kamfanin da ya taɓa shugabanta. Wayar gari kawai ya yi ya ce duk wanda ya sake kiransa mai aski ya nemi inda zai kai kansa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin na tela, da kujera ɗaya, da benci, da madubi mai tsaga, da wata kilifa da in ta yi zafi sai ta koma cizo. A nan ya koyi sana'a tun yana saurayi, a nan kuma yake ciyar da gidansa. Aski kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Baki ne matsalarsa. In ya ɗora maka kilifa, kafin ya kai ƙeya ka ji yadda da ya ga dama da tuni ya saye rabin garin, tausayin masu kuɗi ne kawai ya hana shi.

Wata safiya sai ga shi da damin jajayen katuna da ya bugo. Ya hau kan benci ya sanar da layi cewa zamanin biyan aski ɗaiɗai ya wuce. Daga yau, mutum ya biya kuɗin askin wata uku a dunƙule, a ba shi kati, a yi masa aski har shekara duk lokacin da ya so.

Tela, wanda ba ya barin magana ta wuce ta ƙofarsa ba tare da ya sa mata allura ba, ya leƙo ya tambaye shi in mutum ya zo kullum fa.

“Wa ke da lokacin aski kullum?” in ji Darakta. “Ka san ɗan Adam kuwa? Biya zai yi ya manta. Mantuwar mutane ita ce jarina.”

Tela ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya manta da abin da ya riga ya biya ba, amma a ba shi kati ɗaya ya gwada ƙarfin mantuwarsa. Kafin rana ta yi tsaka labari ya zagaye unguwa. Direban bas ya saya, malamin makaranta ya saya, masu shaguna suka saya, har wani dattijo da muke kira Mai Sanƙo, wanda rabon kansa da gashi tun kafin a haifi wasunmu, shi ma ya miƙa kuɗinsa. Darakta ya karɓa yana ƙyafta wa tela ido, wai ga riba tsantsa ta kawo kanta.

Da yamma ƙanwarsa ta biyo. Akanta ce a wani kamfanin kayan gini, mace mai ƙarancin magana, shi ya sa ma ba su cika jituwa ba. Ta same shi ya baje kuɗi a kan benci yana yi musu fifita, yana cewa ribar yini ɗaya ke nan, ta faɗa masa ko manajansu ya taɓa samun irinta.

“Yaya, kuɗin nan ba naka ba ne tukuna,” in ji ta. “Sai ranar da ka yi askin suke zama naka. Kafin nan bashi ne a wuyanka.”

“Bashi? Wa na roƙa? Da ƙafarsu suka kawo, har suna ture juna.”

Ta yi masa bayani a natse. Ta ce a wurin aikinsu, in mutum ya biya kuɗin kaya ba a kai masa ba, ba a gefen riba ake rubuta kuɗin ba, a gefen abin da ake bin kamfani ake sa shi, tare da kuɗin haya da kayan da aka ɗauko ba a biya ba. Bashi ba sai na kuɗi ba, akwai na aiki, kuma shi ma rana gare shi. Duk askin da ya yi, sai ya ɗebi ɗan abin da ya dace da shi ya ce wannan ya zama nasa, sauran ya bar su su jira. Ta kuma tuna masa cewa kuɗin hayar shago na shekara ya ƙarato, ya ware shi tun yanzu, don Baba mai shagunan layin ba ya wasa da haya. Kowa ya san ya taɓa cire wa wani ɗan haya ƙofa ya tafi da ita gida.

Darakta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce su 'yan boko in suka ga kuɗi ba sa samun barci sai sun laƙaba masa suna mai ban tsoro. Shi a nasa ilimin, abin da ya shiga aljihunsa nasa ne, abin da ya kwana a shagonsa ma nasa ne. Haya kuwa, kafin lokacinta ya yi, shi zai tambayi Baba nawa zai sayar da ginin gaba ɗaya.

Washegari aka fara sauke kaya. Kujera mai juyawa, madubi daga bango zuwa bango, talabijin, fanka mai tsayuwa, da allon suna mai ɗauke da hotonsa cikin kwat ɗin da ya aro. Ya sa tela ya ɗinka masa farar riga irin ta likitoci. Tsohon almakashinsa da tsohuwar kujera ya kyautar, wai ba su dace da matsayinsa ba. Daga ƙarshe ya ɗauko janareto, ya biya kashi ɗaya, sauran a kan zai riƙa biya wata-wata. Da matarsa ta tambaye shi ko an ajiye na haya, sai ya ce mata matar Darakta ba ta tambayar ƙananan abubuwa. Ta ce to, Allah ya sa manyan su ishe su.

Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba, shi ne gashi ba ya jin labarin an kashe kuɗi. Tsirowa yake yi abinsa.

Direban bas, wanda da sai kansa ya zama kamar sheƙar tsuntsu yake tunawa da aski, yanzu duk bayan kwana biyu yana kan kujera, wai a ɗan gyara masa gefe. Malamin makaranta ya gano cewa gemu ma ai a kai yake. Wasu 'yan'uwa maza su huɗu suka lura katin ba suna ba hoto, suka riƙa karɓa-karɓa da guda ɗaya. Mai Sanƙo kuwa shi ke buɗe shago. Kowace safiya zai zauna a kujera mai juyawa ya ce a goge masa kai da tawul mai ɗumi a shafa mai, a kuma kunna masa labarai. Da Darakta ya ce masa ai babu abin askewa, sai ya juya katin gaba da baya ya ce a nuna masa inda aka rubuta sai mai gashi.

Baƙin da ke zuwa da kuɗi a hannu, in sun leƙo suka ga benci cike har waje, sai su wuce gaba. Darakta ya wuni a tsaye, ƙafafu su kumbura, gashi ya cika kwandon shara, ya ja aljihun tebur ya tarar ba ko sisi. Ga reza tana son kuɗi, ga hoda, ga man janareto. Tun daga nan ya daina kallon fuskokin mutane in yana tafiya a layi, kawunansu yake kallo. In ka gaishe shi, sai ya amsa wa gashinka cikin ɓacin rai.

Amma Darakta ba ya rasa dabara. Ya manna hotunan samari masu tulin suma a bango, ya shiga wa'azin cewa yanzu duniyar wayayyu ta daina aski, har wani babban likita ya tabbatar yawan aski na sa iska ta shiga ƙwaƙwalwa. Tela ya ce lallai likitan ya yi gaskiya, ga shaida nan, Darakta kullum kansa a aske yake. Ba wanda ya tara suma.

Sai ya sauya salo. Duk irin askin da ka ce a yi maka, ƙwal-kwabo za ka tashi da shi, don gashin ya daɗe bai dawo ba. Malamin makaranta ya nemi a rage masa sama kaɗan, ya tashi kai na ƙyalli, ɗalibai suka yi mako suna kallon fitilar aji a kansa. Ya dawo da fushi, kuma don ramuwa ya riƙa zuwa kullum a gyara masa gashin baki.

Daga nan sai Darakta ya koma ɓuya. Ya makara wajen buɗewa, ya rufe da wuri, wata rana ma ya shige ƙarƙashin teburin tela ya ce in an tambaya a ce ya yi tafiya. Tela ya ce wa masu jira Darakta ya yi tafiya, amma bai yi nisa ba, don ga ƙafarsa nan. Ran da ya ƙi fitowa sam, Mai Sanƙo ya same shi har gida da tawul ɗinsa a kafaɗa.

Da man janareto ya gagara, sai ya bugo sababbin katuna na shekara biyu, ya karya farashi. Aka sake rububi, aljihun tebur ya sake nauyi, bakinsa ya dawo. Ya aika wa ƙanwarsa cewa ta zo ta ga bashin nata yana haihuwa. Ta aiko masa da amsa cewa haihuwa kam yana yi, amma ba irin wadda yake nufi ba, rami yake haƙawa don ya cike rami, kuma sabon ya fi tsohon zurfi. Ya ce hassada ce irin ta masu albashi. Cikin ɗan lokaci mai da reza suka lashe kuɗin, kawunan da ke binsa kuma suka ninka.

Ana cikin haka Baba mai shaguna ya iso da sandarsa, ya tuna masa haya ta cika ranar Asabar. Darakta ya zaunar da shi gaban fanka, ya zaro wani kati mai ruwan zinariya da ya tanada, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce wannan na manya ne, aski har ƙarshen rayuwa, kuma in aka auna darajarsa ya fi hayar shekara nesa ba kusa ba. Baba ya duba katin, ya sa a aljihu, ya yi godiya sosai, ya sa masa albarka.

“Wannan kyauta ce, ɗana, na karɓa,” in ji shi. “Haya kuma haƙƙi ce. Ranar Asabar zan zo da kwaɗona, ko in koma da shi ko in bar shi a ƙofar nan.”

A nan ne Darakta ya fara tsorata, don shagon nan shi ne komai nasa. Sai dai tsoro a wurinsa ba ya haifar da hankali, sabuwar dabara yake haifarwa. Ya ga wani shiri a talabijin inda ake haɗa motoci a masana'anta, kowace mota a sa mata abu ɗaya a wuce ta gaba. Ya ce ashe abin da ke cinye masa lokaci zagaya kujera ne. Ranar Asabar zai tara duk masu kati a jere, ya bi layi ya aske ɓangaren hagu na kowa, ya juyo ya aske na dama. Kafin azahar ya sallami kowa, jama'a su ga abin mamaki su sayi kati na uku, ya dire wa Baba kuɗinsa a gaban shaidu. Ya sa wa ranar suna Babban Aski, ya bi shago-shago yana gayyata.

Asabar ta zo, layi ya cika. An aro bencina an jera daga ƙofar shago har bakin titi, an ja doguwar waya. Darakta ya fito cikin farar rigarsa ya yi jawabi, ya ce yau za a ga bambancin mai aski da Darakta. Baba na isowa ya tarbe shi ya ɗora shi a kujera mai juyawa da aka fito da ita, ya ce da shugaba ake buɗe taro. Kafin Baba ya buɗe baki a kan haya, hagunsa ya tafi.

Gaskiya abin ya fara da kyau. Kilifa na kuka, gashi na zuba, Darakta na tafe yana kirari. Ya wuce direba, ya wuce malami, ya wuce 'yan'uwan nan huɗu da suka zauna tare suna miƙa wa juna kati ta baya. Mai Sanƙo ya ce shi ma a goge masa hagu kawai, kada a bar shi a baya. Ya kai ƙarshen benci na ƙarshe ke nan, ya ɗaga kilifa sama ya ce saura dama, sai aka ɗauke wuta.

Bai ko girgiza ba. Ya ce wannan matsalar talakawan masu aski ce, ya je ya ja igiyar janareto. Janareto ya tashi, jama'a suka tafa. Tafin bai gama sauka ba sai ga mai janareto ya kunno kai da baro.

Mutumin ya yi sallama, ya ce tun biyan farko bai sake ganin ko ƙwandala ba, ya aiko ya gaji, yau ya zo ɗaukar kayansa. Darakta ya ja shi gefe yana raɗa, wai ya dubi taro. Mai janareto ya ce taron ne ma ya ba shi ƙarfin gwiwa, don mai wannan kasuwa ba zai rasa kuɗi ba, a ba shi ya tafi.

“Janareton nan wata nawa yana kwana a shagona,” in ji Darakta. “Ya zama ɗan gida.”

“Ni ma na taɓa kwana a asibiti,” in ji mai janareto, “ban zama likita ba.”

Darakta ya lalubo kati zai ba shi. Mutumin ya cire hula ya nuna masa kai fes, ya ce matarsa ke yi masa kyauta. Ya kashe janareto, ya zare waya, ya ɗora a baro ya tura.

Sai kowa ya juya ya dubi na kusa da shi. Benci bayan benci, manyan mutane masu iyali, kowa da rabin kai fari rabin kai daji. Matan da ke wucewa suka tsaya, masu shaguna suka fito, wata mai sayar da kayan miya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Direba ya miƙe ya ce yana da lodi da rana, wa zai shiga motar mai irin wannan kai. Malami ya ce shi gobe ma ba zai fita ba, balle Litinin.

Darakta ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, gwani ba ya rasa makami. Ya shiga neman almakashi, sai ya tuna ya kyautar. Reza kuma ta ƙare tun shekaranjiya. Ya ruga wurin tela ya roƙi babban almakashin yankan yadi. Tela ya ce zai bayar haya, kuma kuɗi hannu, don shi ba ya buga kati. Sai da malami ya biya daga aljihunsa, don a fara da shi in an gama da Baba.

Baba dai ya dubi Darakta. Da rabin kansa a haka ya miƙa hannu ya ce haya. Darakta ya gyara farar riga ya fara lissafa dukiyarsa da ƙarfi don kowa ya ji, ga madubi, ga talabijin, ga kujerar da Baba ke kai, ga suna da ya kai ko'ina. Mutum mai wannan arziki, a cewarsa, ba a yi masa gaggawa.

Daidai nan ƙanwarsa ta ratso taron, don matarsa ta aika mata tun da ta ji an ɗauke janareto. Ba ta yi masa dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta ce ya faɗi abin da yake da shi, saura abin da ake binsa, don ba a sanin arzikin mutum sai an cire na biyun daga na farkon. Ta juya ga jama'a.

“Duk wanda yayana ya karɓi kuɗinsa bai gama yi masa aiki ba, ya ɗaga katinsa.”

Hannuwa suka tashi. Na kan benci, na tsaye, na bakin shaguna, tela ta tagarsa, har wani mai keke da ke wucewa ya tsaya ya zaro nasa. Layi ya yi ja daga farko har ƙarshe, kamar alƙalan wasa sun taru a kan ɗan ƙwallo ɗaya. Baba ma ya ɗaga na zinariyarsa. Darakta ya bi su da kallo.

“Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski,” in ji Baba. “Fara da ni.”

Da almakashin tela da mataji ya ƙarasa masa, askin kuma ya fito tsaf, don mun faɗa tun farko ya iya. Baba ya shiga ya duba babban madubi hagu da dama, ya yaba ƙwarai, ya ce a fito da kaya. Aka fito da su. Ya ja ƙofa ya danna kwaɗonsa, ya sa makulli a aljihun da katin yake, ya tafi.

Dariya ta ɗauke a layin. Darakta ya tsaya yana kallon ƙofar da ya fi shekara ashirin yana buɗewa kowace safiya, idonsa ya kawo ruwa, kuma duk wanda ke wurin ya ji tausayinsa, har tela. Ƙanwarsa ta dafa shi ta ce a sayar da talabijin da madubi da kujera, a sayi kilifa mai caji da reza, sauran bashin kuma ba shi da magani sai aiki, kai bayan kai, har katin ƙarshe ya mutu.

Tausayi dai ba ya ƙarasa aski. Da ya ɗora benci a ka ya nufi gida, sai masu rabin kai suka tashi suka bi shi a jere, malami a gaba yana cewa shi ya biya kuɗin almakashi, Mai Sanƙo a baya da tawul ɗinsa. Matarsa ta fito ƙofar gida ta ga ayari. Ta dubi mijinta, ta dubi jerin mutanen da ya kai har kwanar titi, ta ce to, tunda kasuwa ta biyo shi har gida, sai ya ba ta kuɗin cefane.

Darakta ya sauke benci a gindin katanga, ya nuna mata kawunan.

“Ga cefanen nan a tsaye,” in ji shi. “Mun cinye shi tun watannin baya. Biya ne ya rage.”

Ya yafa wa malami tawul, ya ɗauki almakashin tela, ya ce na bayansa ya matso kusa.